An Raba Shata da Kalangunsa

Mai karatu, ka taɓa buɗe kundin digiri da aka rubuta kan wani makaɗi? Jarraba ka gani. Za ka tarar da tarihin haihuwa, da jigo, da salo, da ɗiyan waƙa jere reras kamar buhunan gero. Kiɗa fa? Layi ɗaya tal: wai "yana amfani da kalangu." Shi ke nan, an wuce.

Haba jama'a! Wa ya taɓa jin Mamman Shata ba kalangu? Cire kotso daga bakin Narambaɗa, ko kuntigi daga hannun Ɗanmaraya Jos, ka ga abin da zai rage. Gawa ce ake fiɗa a kan takarda, ana kiran abin nazari.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, hawa da saukar murya ne suka raba su. Shi ya sa makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu ya saki, ganga ta faɗi taken mutum, mai taken ya zabura ba a ambaci sunansa ba. To idan mawaƙi ya ja murya, karin waƙar ne ke bin karin kalma, ko kalmar ce ke rusunawa? A ina 'yan amshi ke karɓa, kuma me ya sa sai a nan? Tambayoyin ke nan, amma ba a son su, don sai an zauna da kunne, ba da biro kaɗai ba.

Abin kunyar, baƙi sun yi. Paul Richards ya auna karin harshe da karin waƙa a wata waƙar Hausa tun 1972. Marigayi Russell Schuh, Malam Takalmi, ya shafe shekaru yana gwada ma'aunin baitocinmu da yadda ake rera su. A gida, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku kan Shata a 1975, Farfesa Sa'idu Gusau ya share hanya da Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Magadansu ne suka mai da hanyar fom ɗin cikewa.

Za ka ce ai sashen Hausa ba makarantar kiɗa ba ce. Na ji. To a ɗauko makaɗan a zaunar da su a aji mana. Shata ya rasu tun 1999, masu riƙe masa ganga suna ta bin sa ɗaya bayan ɗaya, yaran situdiyo kuma fiyano suka sani.