Kusurwa Ɗaya, Hanya Biyu: Darasin da Ya Kamata Daura Ta Fara Koyarwa

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Daura ya nufi Mashi, kuma Dutsi tana tsakanin garuruwan biyu. A shekarar 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. Jirgi dai yana cin ƙarfe, kuma dole a samu mai sassaƙa masa madadin abin da ya lalace. Idan yaran Dutsi da Shargalle ne za su yi wannan aiki, to akwai ilimin da ya kamata ya riga sayen inji.

Injin CNC na yau da kullum yana tafiya ta layi uku: X, Y da Z. Mai layi biyar yana ƙara juyi biyu daga cikin A, B da C, waɗanda ke kewaya X, Y da Z bi da bi. Ƙa'idar ISO 841 ta tsaida alkiblar juyin da dokar hannun dama, sai dai tana ɗaukar cewa bakin yanka ne ke motsi, ƙarfen aiki yana tsaye. A injin da teburinsa ne ke juyawa, abin da ido ke gani kishiyar abin da aka rubuta ne. Alama ɗaya ta kuskure, sai rami ya fito a gefen da ba a nufa ba.

Matsalar da ta fi wannan zurfi ita ce kusurwa ɗaya tana da hanya biyu. A kan tebur mai A da C, karkatar digiri 30 tana samuwa da A+30 da C0, tana kuma samuwa da A-30 da C180. A lissafi duka daidai ne. A cikin inji kuwa, ɗaya na iya wuce iyakar tafiyar teburin, ko ta kai kan injin ya daki matsewar da ke riƙe ƙarfen. Haka nan daga digiri 350 zuwa 10: ko a yi gajeriyar tafiya ta digiri 20, ko a koma baya digiri 340 alhali baki yana kusa da aiki. Mafi haɗari shi ne lokacin da baki ya kusa miƙewa daidai da layin C, inda ƙaramin sauyin alkibla kan sa tebur ya yi wuf ya juya kusan rabin da'ira, ya bar tabo a fuskar ƙarfe.

Kowane kamfani da maganinsa. Heidenhain yana da SEQ+ da SEQ- don zaɓen hanya, da M126 don gajeriyar tafiya. Siemens yana da CYCLE800 da TRAORI, Fanuc kuma G68.2 da G43.4. Wanda ya haddace na ɗaya bai san dalili ba, ranar da aka sauya masa inji ya koma ɗan koyo.

Shi ya sa bai dace makarantun Daura su fara da gasar mallakar inji mai layi biyar ba. Tebur mai juyi ɗaya a kan inji mai layi uku ya isa a koya wa ɗalibi alkibla, da cibiyar juyi, da yadda kuskuren digiri 0.1 ke zama kusan milimita 0.35 a nisan milimita 200 daga cibiya. Gibi irin wannan ya isa a ƙi karɓar mazaunin boris. Za a ce manhajar zane tana yin lissafin nan da kanta. Tana yi, amma tsakaninta da inji akwai wata manhaja mai aikin tafinta, ita ke zaɓen hanya ɗaya cikin biyun, kuma ba ta san komai game da injin ba sai abin da wani mutum ya shigar mata.

A nan ne masu rubuta takardar kwangila suke da aiki. Duk injin da za a saya, a sa sharaɗin cewa tafintarsa za ta zo a buɗe yadda malamai za su iya gyara ta, tare da na'urar auna cibiyar juyi, domin cibiyar kan gusa da zafi ko bayan karo, kuma zafin watan Afrilu a ƙasar Daura ba na wasa ba ne. A ƙara da cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai malamin makarantar, da hannunsa, ya yanka samfurin gwaji ta hanyoyin nan biyu, an auna an ga sun yi daidai.