Raddi ga masu cewa daɗin sauti daga majuyi mai tsada yake farawa

Wata magana ta yi ƙarfi a bakin masu sayar da kayan sauti, har masu saye sun karɓe ta ba bincike. Wai mai son kwamfutarsa ta teburi ta ba da sauti mai kyau ya fara zuba kuɗi a majuyin sauti, wato na'urar DAC mai mayar da lambobin kwamfuta sautin da sifika za ta fitar. Sifika kuwa, in ji su, ta biyo baya. Wannan magana kuskure ce, kuma tana cinye kuɗin mutane a banza.

Hujjarsu ta farko ita ce majuyi ne mafari, in ya gurɓata sauti babu mai gyarawa a gaba. Haka ne, amma a ina gurɓatar ta fi yawa? Majuyi mai matsakaicin kuɗi a yau, gurɓatarsa ba ta kai kashi 0.01 cikin 100 ba. Ƙaramar sifika kuwa, da an ɗaga murya, takan haura kashi 1 a wajen sauti mai kauri. Ga kuma ɗaki: bango da teburi na iya ƙara wani amon su danne wani da desibel 10 ko fiye. An bar jaki ana dukan taiki.

Sannan suka ce sai majuyi mai bit 24 da awo 192,000 a daƙiƙa ne ke fito da abin da faifan sidi ya ɓoye. Nan ma lissafi bai goyi bayansu ba. Ƙa'idar Harry Nyquist, wadda Claude Shannon ya tabbatar a 1949, ta nuna awo 44,100 a daƙiƙa, ma'aunin da Sony da Philips suka fito da sidi a kansa a 1982, yana ɗaukar duk sautin da girgizarsa ba ta kai 22,050 a daƙiƙa ba. Kunnen yaro mai lafiya iyakarsa kusan 20,000, kuma yana raguwa da shekaru. Bit 16 kuma na ba da tazarar desibel 96 tsakanin raɗa da tsawa, wadda ƙarar fanka kaɗai ta isa ta binne ƙasanta. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun gwada masu sauraro ba tare da sun san wanne ake kunna musu ba, tsakanin faifai mai manyan lambobi da shi ɗin an rage shi zuwa ma'aunin sidi. Cikin gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da canki-canki. Bit 24 na da amfani a situdiyo wajen ɗauka da haɗawa, ba wajen mai zama ya saurara ba.

Babbar mafakarsu ita ce sun ji bambanci da kunnensu. Ban ƙaryata su ba. Sai dai ido na sa baki cikin aikin kunne. Floyd Toole da Sean Olive sun nuna a 1994, a kamfanin Harman, cewa makin da mutane ke ba sifiku ya canza da zarar sun ga girmansu da sunansu, har da ƙwararru. Kuma in majuyi ɗaya ya ɗara wani ƙarfin murya ko da kaɗan ne, kunne zai zaɓe shi. Wanda ya tabbata da jinsa ya daidaita ƙarfin muryar, ya juya baya, wani ya riƙa sauya masa wayoyin, sannan ya faɗi wanne ne wanne.

Inda suke da gaskiya shi ne hayaniya. Wasu kwamfutocin kan zubo tsuwa cikin sifika, har ta sauya in an motsa linzamin kwamfuta. Nan majuyin waje na USB na da amfani, haka ma ga mai hedifon da ke bukatar ƙarfi. Amma mai araha ya wadatar, kuma in gurnanin wutar gida ne ya biyo ta wayar ƙasa, mai tsadar ma ba lalle ya kashe shi ba. Wayar USB mai ruwan zinare kuwa lambobin da ta arahar ke kaiwa su take kaiwa.

Don haka mafi yawan kuɗin ya tafi ga sifiku biyu masu amfilifaya a ciki, na inci 4 ko 5, irin JBL 305P ko Yamaha HS5. Kada wat dubbai da ake bugawa a kwali da sunan PMPO su ruɗe ka, adadin RMS za ka duba. Ɗaga su daga fuskar teburi har ƙaramin bakin kowacce ya yi daidai da kunnenka, tazarar da ke tsakaninsu ta zama daidai da tazararka da kowacce. In ka yi haka ba ka ji tsuwa ba, majuyin da ke cikin kwamfutarka ya ishe ka, riƙe kuɗinka.