Sabon Kuɗin Kirifto: Kada A Yi Cinikin Biri A Sama

'Yan kasuwa da dillalai, maganarmu ta yau a kan sababbin kuɗin kirifto ce, waɗanda samari ke yawo da su cikin waya rumfa rumfa, suna cewa Alhaji sayi tun yana kwabo, gobe zai zama dala.

Ra'ayinmu shi ne, farashin da aka rubuta ba farashi ba ne sai ran da ka sayar kuɗi suka shigo hannunka. Kowane ɗan kasuwa ya san tayi daban, sallamawa daban. To, sabon kirifto galibi waɗanda suka ƙirƙire shi su ke riƙe da mafi yawansa, su ke kuma riƙe da asusun da ake biyan mai sayarwa. Ran da suka kwashe asusun, shi ke nan, kasuwa ta watse. Haka aka yi da wani mai suna Squid a watan Nuwamba 2021: ya haura dala 2,800, waɗanda suka saya suka tarar ba halin sayarwa, cikin 'yan mintoci ya koma ba komi, masu shi suka yi layar zana. Kafin nan, Ruja Ignatova mai OneCoin ta ɓace a 2017 bayan an tara biliyoyin dala. Mu nan gida Najeriya ma, CBEX ya rufe da dukiyar jama'a a watan Afrilu 2025.

Sai maganar ajiya. Ko kuɗin na gaskiya ne, ina sitonsa? Kasuwar Mt. Gox ta Japan ta durƙushe a 2014, Bitcoin wajen 850,000 suka salwanta. FTX ta bi sahu a Nuwamba 2022. In kuwa a wayarka ka ajiye, mabuɗin kalmomi 12 ne ko 24. Duk wanda ya san su ya mallaki dukiyarka, kuma abin da aka tura ba ya dawowa, babu sarkin kasuwa da za ka kai wa ƙara.

Ba mu ce duka damfara ba ce. Bitcoin tun 2009 yake, har yau ana cinikinsa. Amma a cikin sababbi, wanda ya rayu ɗaya, matattu ba iyaka.

Saboda haka kafin ka zuba, yi tambaya uku. Wa ke da shi, an san fuskarsa? Kamfanin da ke sayarwa yana da rajista da hukumar SEC, tun da dokar 2025 ta sa harkar a hannunta? Ka gwada saye kaɗan ka sayar, kuɗi sun fito? In ɗaya ta gaza, riƙe aljihunka.

Uwar kuɗi dai kada a taɓa ta, balle kuɗin amana. Ku kuma dillalai, la'adar da ake ba ku don ku kawo mutane, daga aljihun maƙwabcinku take fitowa. In abu ya fashe, ku za a riƙe a bakin rumfa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.