FILIN KWALISA: Kwalliyar ruwan malmo ta shigo gari, amma fa ba kowace fuska take karɓa ba

Wata sabuwa, in ji 'yan caca! Bayan jan-baki ja zur da hoda mai ruwan ƙasa da aka saba, ga wata kala ta kunno kai, wato ruwan malmo mai haske, wadda wasu ke kira shunayya. Tun wajen 2021 jan kumatu mai wannan kala ya yi tashe a TikTok. Akwai hodarta, akwai kuma man leɓe mai sheƙi. To amma kafin yarinya ta zazzage kuɗin adashenta, ya kamata ta san wanda zai fito da ita da wanda zai tona mata asiri.

A fara da hodar ƙarshe, wadda ake bi da ita don ta riƙe kwalliya ta tsotse maiƙo. A ilmin launuka, shunayya kishiyar rawaya ce, idan suka haɗu sai ta kashe ta. Don haka an yi wannan hoda ne domin farar mace wadda fuskarta ta yi rawaya-rawaya, ta dishe. Ita kam za ta ga haske. Amma baƙa ko wankan tarwaɗa, in ta lafta ta, wallahi sai ta koma kamar wadda ta fito daga gidan injin niƙa. Wankan tarwaɗa ta fi dacewa da hoda mai ɗan ruwan ƙwai, irin Banana ta kamfanin Ben Nye, wanda tsohon shugaban masu kwalliya na kamfanin fim na 20th Century Fox ya kafa a 1967. Baƙa kuwa ta nemi mai kalar fatarta kawai.

Babban tarkon ma a hoto yake. Yawancin irin wannan hoda mai haske akwai sinadarin silika a ciki, wanda ke mayar da hasken filashin kamara. A madubi fuska sumul, a hoto kuma fari fat! Manyan taurari ma ba su tsira ba. A Disambar 2009, wurin bikin nuna fim ɗin Nine a birnin New York, hotunan Nicole Kidman sun fito da farin gari a hancinta da ƙasan idonta. Haka ya faru da Angelina Jolie a 2014. Su da ke da ƙwararrun masu kwalliya ke nan, ina ga amaryar da ƙawa ta yi wa shafe-shafe ranar kamu? Hoton biki kuwa ba a sake shi. Maganin abu ne mai sauƙi: kafin a fita, a rufe taga, a ɗauki hoto da filashin waya, a duba.

Da ma kwalliya da kamara tun asali tare suke. Ita kanta fankeken da iyayenmu mata suka sani, daga Pan-Cake ta samo suna, hodar da kamfanin Max Factor ya ƙirƙiro don finafinai masu kala, ya kuma soma sayar wa jama'a a 1938.

A wajen jan kumatu kuwa, reshe ya juye da mujiya, domin nan baƙaƙe ke cin kasuwarsu. Ruwan malmo mai ɗan duhu yana narkewa cikin baƙar fata ya ba ta wani irin annuri, alhali a fuskar fara, in aka cika hannu, sai ya zama kamar shatin mari. Sai dai baƙa ta guji mai haske sosai, don alli zai koma. Kaɗan ake ɗiba, a ɗora a tudun kumatu, a murza zuwa wajen kunne. Da hunturu mai maiƙo ya fi, saboda fata a bushe take. Da zafin bazara kuwa sai na gari, in ba haka ba gumi ya kwashe shi tun kafin a kai gidan biki.

Man leɓe shi ne mafi sauƙi, tunda kalarsa ba ta da kauri. Mai baƙin leɓe ta fara zagaye bakinta da jagira mai ruwan ƙasa sannan ta shafa a tsakiya, in ba haka ba sai a ɗauka zazzaɓi take yi. Leɓen da ya tsage kuma a lallashe shi da man kaɗanya tun da dare. Wadda za ta hau a-daidaita-sahu ta bari sai ta sauka, don ƙura ba ta raina sheƙi.

Masu bilicin fa su yi hattara: fuska ta riga ta fi wuya haske, hodar nan ƙara nisan za ta yi.

Wajen saye, ko a Sabon Gari ko a kantin unguwa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A gwada a gefen muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba, sannan a fito hasken rana a duba, domin ƙwan lantarkin shago ya iya yaudara.