Motar ƙungiya ta faɗi bizit saboda hayaƙi: ina mafita?

Yau maganarmu a kan mota ce. Wasu ƙungiyoyinmu a Tanut da Belbeji sun haɗa kuɗi sun sayi tsohuwar mota ta ɗaukar hatsi da bisashe zuwa kasuwa, wasu kuma bashi suka ba ɗa ko miji ya saya. To, an kai ta Damagaram bizit, masu dubawa sun ce hayaƙinta ya yi yawa, babu takarda. Me za a yi?

Da farko kar a ɗaga hankali, kar kuma a saurari mai cewa a kawo ɗan wani abu ya fito da takarda ta bayan fage. Takarda ba ta gyara inji. Motar da ke tuƙa hayaƙi kuɗinku take ƙonawa, kuma wata rana za ta tsaya muku da kaya a daji, hanyar Tanut zuwa Damagaram kuwa kusan kilomita 150 ce.

Ku sa direba ya tada ta, ku dubi salansa da idonku. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A Damargu sau da yawa ƙura ce ta toshe matatar iska, musamman lokacin hunturu, kuma wannan gyara ne mai araha. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji ne ke shan baƙin mai, alamar ya tsufa daga ciki. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, galibi ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Waɗannan biyun su ne masu cin kuɗi.

Saboda haka a fara da mai sauƙi: sabuwar matatar iska da ta mai, juyen baƙin mai, sai buji in motar mai shan isansi ce. A daina zuba mata ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya, don ba a san abin da aka gauraya ba. Ga matatar SORAZ a kan hanyarmu tun 2011, a sha mai a gidan mai. Ranar komawa bizit, a bari injin ya yi zafi sosai kafin a gwada.

In makanike ya ce sai an sauke inji, nan fa a dakata. Mata biyu su je tare da direba, a rubuto kuɗin kaya da na aiki a takarda, a kuma ji ta bakin wani makaniken. Sannan a buɗe littafi gaban kowa ranar zubi: nawa motar ke kawowa a wata bayan an fidda mai da ladan direba? Wata nawa za ta yi kafin ta maido kuɗin gyara? In lissafi ya nuna ba za ta maido ba kafin rabon asusu, gara a sayar da ita tun tana da daraja.

Kuɗin taimako kuwa, na ciwo da haihuwa da rasuwa ne, kar a taɓa shi don ƙarfe. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe mu shi ne kowace dala an san inda ta shiga. In motar ta ci bizit, ku ware mata ɗan kaso duk mako a akwati, kuɗin gyaran baɗi ke nan.

Allah ya tsare mana dukiyarmu. Sai fitowa ta gaba.