Cinikin Arduino: Ina ruwan matashin Wagini?

A ranar 7 ga Oktoban 2025 kamfanin Qualcomm na Amurka ya sanar da cewa zai sayi Arduino, kamfanin Italiya mai ƙera ɗan allon lantarkin da ɗalibai ke koyon haɗa na'urori da shi. Cinikin a nesa aka ƙulla shi, amma ya shafi ɗan Wagini da ke karatu a Dutsin-Ma ko Katsina.

Tun da aka ƙirƙiro Arduino a garin Ivrea a 2005, zanensa da manhajarsa a buɗe suke, kowa na iya kwaikwaya. Shi ya sa masana'antun China ke buga irinsa da araha, har ɗan manomi ya saya ya haɗa na'urar da ke kunna famfon ban-ruwa da zarar ƙasa ta bushe.

Qualcomm ya yi alƙawarin barin ƙofar a buɗe, amma masu fargaba na da hujja. A 2016 kamfanin Autodesk ya sayi EAGLE, manhajar zana allunan lantarki, a 2017 ya mayar da cikakkiyar manhajar ta biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. A Nuwamban 2025 kuma sabbin sharuɗɗan Arduino suka jawo suka daga kamfanin Adafruit, ko da yake Arduino ya ce ayyukansa na intanet suka shafa.

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da aka riga aka buɗe ba ya rufuwa, amma ana iya karkatar da sabbin ayyuka zuwa intanet da rajista. Mutanen Batsari da Safana ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Na'urar da sai da intanet take aiki, a irin wannan rana ta zama kwandon shara.

Ya kamata malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman su adana manhajar da ke aiki ba intanet, su koyar da KiCad ta kyauta, su kuma nuna wa ɗalibai yadda ake sarrafa ƙwaƙwalwar allon, wato ATmega328P, ita kaɗai. Ɗalibin da ya san cikin allo ba ruwansa da wanda ya sayi sunan. Zanen aro dai ba ya rufe katara.