Windfall, Awoof da Tsuntsu Daga Sama Gasasshe

Mu da muke zaune a Legas kunnenmu ya saba da Turanci iri biyu, na jarida da na bakin titi, kuma kowanne yana da sunayen da yake kiran arzikin da ya faɗo wa mutum ba zato ba tsammani. Ɗaya daga cikin sunayen nan ne ya tsaya mini a rai.

Bari mu fara da masu sauƙi. Jackpot daga teburin karta ta fito, wato kuɗin cacar da ya taru mutum ɗaya ya kwashe. Bonanza kuwa aro ce daga Sifaniyanci, masu haƙar azurfa da zinariya a yammacin Amurka suka yayata ta. A nan ta koma abin da muke ce wa garaɓasa, kamfani ya ce sayi biyu a ba ka ɗaya. Yaran Agege kuma in ɗayansu ya samu sai ka ji an ce ya yi hammer. Dattawa har yanzu suna tuna Udoji, sunan mutumin da kwamitinsa ya jawo ƙarin albashi da ariyas a 1975 zamanin Gowon, aka yi ta sayen babura da rediyo, farashin kaya ya tashi ya bar kowa a baya.

Na fi ganin mutuncin awoof, domin ba ta yaudara. Duk wanda ya ambace ta ya san karin maganar da ke biye da ita, cewa banza tana ɓata ciki.

Wadda nake ƙorafi a kanta ita ce windfall. Asalinta ɗan itacen da iska ta kaɗo, ka zo wucewa ka ɗauka. Ba wanda ya hau, ba wanda ya yi gumi, saboda haka ba wanda zai tambaye ka. Kusan tsuntsu daga sama gasasshe ke nan, ko tsintar dami a kala. In mutum ɗaya ne ya ci gadon da bai sa rai ba, to babu laifi. Amma jaridunmu da wannan kalmar suke kiran kuɗin ƙasa. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990 farashin mai ya tashi, sai aka raɗa wa abin da ya shigo suna Gulf War windfall. A 1994 kwamitin Pius Okigbo ya ba da rahoton dala biliyan 12.4 da suka bi ta wasu asusu na musamman daga 1988, kusan duka an kashe. Wace iska ce ta kaɗo wannan? Daga ƙarƙashin gonaki da ruwan mutanen Neja Delta aka haƙo shi, kuma yana da masu shi.

Ko mu ɗauka tsintuwa ce. Ai a makarantar allo ma an san hukuncinta: sai ka yi cigiya shekara guda kafin ka taɓa. Kalmar Turancin ba ta ɗauke da wannan sharaɗi, shi ya sa nake ganin ta yi wa masu mulki daɗin baki.

Haka aka sake yi da asusun rarar kuɗin mai da gwamnatin Obasanjo ta buɗe a 2004. Rara fa, kamar tuwon da ya kwana. A 2008 akwai kimanin dala biliyan 20 a ciki. A watan Yulin 2022 abin da ya saura bai kai dala dubu 400 ba.